Ciwon Zuciyar Mai Jego: Tsakanin Ƙaddara da Sababi

Akwai wani ciwon zuciya da ke kama mace a watan ƙarshe na cikinta, ko a watannin farko bayan ta sauka, ba tare da ta taɓa yin ciwon zuciya a baya ba. Tsokar zuciyar ce ke saki, ta kasa tunkuɗa jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Mai jegon da ta yi suna lafiya ƙalau sai a ga ta fara haki daga tsakar gida zuwa ɗaki. Da dare ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai a baya, tari ya hana ta barci, kuma idan aka danna ƙafarta da yatsa sai gurbin ya zauna. A gidaje da yawa a Katsina ana ɗaukar wannan a matsayin gajiyar haihuwa ko sanyi ya shige ta, don haka a ƙara mata zafin ruwan wanka. In ta cika, masu ta'aziyya su ce kwana ne ya ƙare. Maganarsu gaskiya ce a aƙida, amma ta bar tambaya a buɗe: shin yarda da cewa ajali a hannun Allah yake ta sauke wa mutane nauyin sanin abin da ya yi sanadi?

Masu ganin binciken sababi bai da wani tasiri suna da misali a kusa. A watan Nuwamba na 2009 aka kai Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa wani babban asibiti a Jidda, aka sanar cewa jakar da ke lulluɓe da zuciyarsa ce ta kumbura. Ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2010, aka binne shi washegari a maƙabartar Ɗanmarna da ke Katsina. Idan shugaban ƙasa da ƙwararrun likitoci a kansa bai ƙara ko sa'a ɗaya a kan wa'adinsa ba, in ji su, me asibiti zai yi wa matar ƙauye? Hujjar tana da nauyi a zuciya, sai dai ta haɗa abubuwa biyu da malaman tauhidi suka daɗe da rabawa. Wa'adi gaibi ne, babu wanda aka ɗora wa saninsa. Sababi kuwa a fili yake, kuma a kansa ake tambayar bawa. Lokacin annobar Amwas, da Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa bai shiga Sham ba, Abu Ubaida ya nuna masa cewa wannan kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya ba shi misalin makiyayi a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Neman sababin wannan ciwo a ƙasar Hausa aka yi shi da gaske, domin nan ne yake da yawa fiye da kusan ko'ina a duniya. A shekarun 1970, likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bi matan Zariya da kewaye, suka ƙiyasta cewa kusan haihuwa ɗaya cikin 100 na ƙarewa da shi, alhali a Amurka ana maganar ɗaya cikin dubbai. Suka duba abin da mai jego ke yi a kwana arba'in ɗinta: wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa ana fyaɗa shi da ganye, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa kwano bayan kwano. Bayaninsu ya shiga hankali. Kanwa tana riƙe ruwa a jiki kamar gishiri, zafi kuma yana buɗe jijiyoyi ya ƙara wa zuciya aiki. Shekaru da yawa littattafan likitanci suka tafi a kan cewa al'ada ce ke kashe matan Hausawa.

Daga baya labarin ya sauya. A Yamai, binciken wani likita mai suna Cénac da abokan aikinsa a 1992 ya nuna masu ciwon na da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jininsu. A Kano, Farfesa Kamilu Karaye ya sake samun haka, sannan ya jagoranci rajistar ƙasa baki ɗaya da ta tattara mata fiye da 400 daga asibitoci daban-daban. Sakamakon da aka buga a 2020 bai sami alaƙa tsakanin ciwon da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da ya bayyana shi ne rama, rashin karatu, rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki. Wannan bai wanke kanwa ga wadda zuciyarta ta riga ta raunana ba, don likita zai hana ta ita kamar yadda zai rage mata gishiri. Amma zargin ya tashi daga kan kakar da ke dafa ruwan wanka ya koma kan tukunyar abincin gidan, da kan cikin da aka raina wata tara ba a je awo ba.

Wannan gyaran da bincike ya yi wa kansa abin lura ne ga ɓangarorin biyu. Wanda ya ce ƙaddara ce ya yi shiru, ya rufe ƙofar tambaya tun ba a buɗe ta ba. Wanda ya ce al'ada ce kawai shi ma ya yi gaggawar rufewa, ya kuma ɗora wa mata laifin da ba a tabbatar ba. Kuma da zarar an ce yunwa da rashin awo na cikin sababi, maganar ta zama ta haƙƙi: haƙƙin ciyarwa a kan miji, da haƙƙin jama'a a kan hukuma. Imam Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda in gari ya rasa mai yin su kowa ya yi laifi, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulki, ya zauna ya rubuta littattafai kan magani.

Gano ciwon a yau ba ya buƙatar fiɗa. A asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, likita zai saurari ƙirji, a auna bugun zuciya a takarda, sannan a ɗora na'ura a ƙirji a ga zuciyar tana motsi a allo. Lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu. Idan abin ya gaza kashi 45 cikin 100 ga mai jego, ba a kuma ga wani dalili ba, an tabbatar da ciwon. Maganin ya haɗa da ƙwayoyin sa fitsari don rage ruwa, da masu sassauta wa zuciya aiki, da hutu. Wasu zuciyarsu tana komawa daidai cikin watanni, wasu ba ta komawa, kuma waɗanda aka kawo a makare su ne aka fi rasawa.

Ga wadda zuciyarta ba ta farfaɗo ba, sabon ciki hatsari ne babba ga rayuwarta, don haka likitoci ke ba da shawarar a dakata. Nan ne tambayar ke shiga ɗakin aure, inda miji ko uwar miji kan ga dakatarwar kamar ƙin kyautar Allah. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta wa ma'aurata tazarar haihuwa ko dakatar da ita na wani lokaci idan akwai larurar da shari'a ta yarda da ita, bisa shawara da yardar su biyun, ta hanyar da ba ta cutarwa kuma ba ta taɓa cikin da ya riga ya shiga.