Gaisuwar da Ba a Shimfiɗa wa Tabarma

Yaya, sannu. Ya muka ji da haƙuri?

Da rasuwa aka yi, da tuni an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta na shigowa da kwanukan abinci, a yi zaman makoki har sadakar uku. Wannan rashi kuwa ba mai zuwa gaisuwarsa. Wanda ya ji, sai ya yi kamar bai ji ba. Ke kaɗai kike zaune da shi, ke da 'yar farinki, wadda kunya ba ta taɓa barinki kin kira sunanta ba, yau kuma cikin dare kike kiransa a gaban Ubangiji.

Rashi ne, Yaya, ba zan rage masa suna ba. An ɗauke mata barcinta. An ɗauke dariyar nan da muke jiyowa tun daga zaure. Yarinyar da ke tashi da asuba ta share tsakar gida tana 'yar waƙarta, yanzu motsin ƙyaure ma firgita ta yake yi. Ki yi kukanki. Annabi Yaƙubu ya yi kukan ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma ba a cire shi daga cikin masu kyakkyawan haƙuri ba.

Na san abin da ke cinki: da ban aike ta ba. Uwa nawa ce ta aiki 'yarta a ranar, ta dawo lafiya? Abin da Allah Ya rubuta ya auku, amma laifin yana wuyan wanda ya aikata, shi kaɗai. Wadda aka fi ƙarfinta ba ta da zunubi ko ƙwayar zarra. Haka malamanmu suka karantar. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik ma an kawo hukuncin halifa Abdulmalik ɗan Marwan, cewa wanda ya yi fyaɗe sai ya biya matar sadakinta. Tun zamanin magabata ana kallonta a matsayin mai haƙƙi.

Za a zo miki da maganar a rufa asiri, a sasanta a gida. Ba zan ce miki yi ko bari ba. Ina dai so ki san haƙurinki ba zai ragu ba don kin nemi haƙƙinta. Allah Ya saka miki da alheri da kika daure kika kai ta asibiti kafin awa 72 su cika, aka ba ta maganin kariya daga cutar ƙanjamau. Wannan kaɗai, cikin irin ruɗewar da kike ciki, jarumta ce.

Cibiyar Salama da ke asibitin Gwamna Awan a Kakuri, don irin wannan rana aka buɗe ta. Akwai mata a can da aikinsu ke nan: su zauna da yarinya, su saurare ta ba tare da tsangwama ba, ko da makonni za ta yi kafin bakinta ya buɗe. Suna haɗa iyaye da 'yan sanda da lauyoyi. Dokar hana cin zarafi ta tarayya ta 2015 ta tanadi diyya ga wadda aka zalunta, Kaduna kuma ta tsananta hukuncin fyaɗe a 2020. Diyya ba ta dawo da barci, na sani. Amma ranar da alƙali ya faɗa a bainar jama'a cewa ita aka cuta, wani dutse zai sauka daga ƙirjinta.

Ladan masu haƙuri ba a auna shi da mudu, kuma kowane daren da kika raya a gefen shimfiɗarta yana rubuce. Allah Ya sanyaya zuciyarku, Ya mayar mata da dariyarta.

Ranar Alhamis ina nan tafe bayan la'asar. In kin ga dama mu je Kakuri tare washegari. In ba ki shirya ba, sai mu zauna kawai, in yi mata kitso.