Ƙaryar Da Aka Sayo, Alhakin Wa?

Ya ku 'yan'uwa samari, ku sani a shekarar 2018 asiri ya tonu cewa kamfanin Cambridge Analytica na Ingila ya yi aikin haya a zaɓen Nijeriya na 2015. An yaɗa bidiyo mai cike da jini don a tsorata jama'a da shari'a, su guji Buhari. Ita kuma APC ta ɗauko kamfanin AKPD daga Amurka a 2014.

To, neman shawarar masani ba laifi ba ne, ko daga ina ya fito. Abin dubawa shi ne, me aka saya? In dabarar isar da gaskiya ce, babu komai. In ƙarya ce da cusa tsoro, wannan ha'inci ne, domin ƙuri'a shaida ce, wanda aka ruɗa kuwa ya ba da shaidar da ba tasa ba.

Baƙo ya karɓi kuɗinsa ya hau jirgi, ya bar mu da gaba. Wanda ya biya shi yana da alhaki. Kai ma da ka tura a waya ba bincike, kana da naka kaso. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umarce mu da tantance labari. Allah Ya sa mu gane.