Kyakkyawar Niyya Tana Halatta Kutse?

A 1983 tashar CBS ta Amurka ta fito da "Whiz Kids", shirin wasu matasa masu kutsawa cikin kwamfutocin mutane don tona asirin miyagu. Kashi 18 kacal ya yi, aka daina shi a 1984. Amma fa ya bar mana tambaya: wanda ya haura katangar maƙwabci don kama ɓarawo, shi mene ne sunansa?

A fim, marubuci ya riga ya nuna mana mugun, shi ya sa muke tafa wa yaran. A Rigachikun kuwa, yaron da ya buɗe wayar yayarsa wai don ya kare ta, zato kawai yake bi, kuma Bahaushe ya ce zato zunubi. Mai karatu, iya buɗe ƙofa daban, izinin shiga daban.