Wasiƙa Ba Ta Da Fuska

Ya kai mai karatu, ka san abin da mutanen dā su ka ce: labarin zuciya a tambayi fuska. Sa'anda maigidanka ya tsaya a gabanka ya ce, "Zo," kana duban idonsa, kana jin muryarsa, ka san ko fushi ne ko alheri. Amma idan kalman nan ta zo a rubuce, ba ido, ba murya. Mai karantawa shi ne za ya sa mata murya, sau da yawa kuwa muryar tsoron da ke cikin ransa ya kan sa mata.

Domin wannan ne malaman dā ba su kan fara wasiƙa da bukata ba. Sai su gabatar da gaisuwa da so da aminci, kāna su ce, "Bayan haka." Gaisuwan nan ita ce fuskar wasiƙa. Yau kuwa a Anka da Gummi da Bukkuyum, inda 'yan bindiga su ka sa tafiya ta yi wuya, malamin asibiti da malamin makaranta da ɗan kasuwa duka ta waya su ke aika wa juna saƙon aiki, gaisuwa kuwa ta ragu ƙwarai.

A ce kai mai shago ne a Gummi, ka aiki yaronka Bukkuyum ya karɓo maka kuɗin hatsi. Rana ta faɗi, bai komo ba. Ka rubuta masa, "Ina kuɗina?" Kai dai tsoro ka ke ji kada wani abu ya same shi a hanya. Shi kuwa abin da ya karanta shi ne, an maishe shi ɓarawo. Da ka ce, "Sannu da hanya. Lafiya kuwa? Shirunka ya dame ni," da ya ga zuciyarka, kuɗin ma da ya ba ka labarinsu.

Bulus Manzo ya san wannan wahala. Cikin wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, sura 4, ya yi marmarin kasancewa tare da su domin ya sāke muryarsa. Ya gaya wa Korintiyawa cewa da hawaye masu yawa ya rubuta musu, don kada su ɗauki tsautawarsa a kan ƙiyayya. Da ya rubuta wa Filimon a kan bawansa Onisimus, yana da ikon ba da umurni, amma roƙo ya zaɓa saboda ƙauna.

Mutanen zamani sun nemi maganin abin da waɗansu 'yan fuskoki da alamu da a ke kira imoji. A shekarar 1999 wani ma'aikaci a Japan ya zana guda 176 domin wayar hannu, yau kuwa sun cika duniya. Ba laifi ba ne ka yi amfani da su, amma ka sani su ma magana ce. A shekarar 2023 wani alƙali a Kanada ya hukunta cewa manomin da ya aika wa mai sayen amfanin gonarsa hoton babban yatsa ya ƙulla ciniki ke nan. Da ya ke bai kai kayan ba, a ka sa shi biyan diyya fiye da dalar Kanada 82,000. Ubangijinmu Yesu ya koya mana i ɗinmu ya zama na gaskiya, a'a ɗinmu kuma haka. Kada ka ɗaga yatsa ga aikin da ba ka nufin yi. Kada kuma ka liƙa fuskar dariya a bayan baƙar magana, gama wannan riya ce, Allah kuwa zuciya ya ke dubawa.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka riƙe abu uku. Na fari, kada ka rubuta sa'anda ranka ya ke a ɓace. Magana zarar bunu ce, rubutacciya kuwa ta fi, gama a kan ajiye ta, a nuna wa wani. Na biyu, kafin ka aika, ka karanta saƙon kamar kai ne na ƙasa da za ya karɓe shi. Na uku, idan saƙo mai kaifi ya zo maka, ka kyautata wa mai shi zato, in ya yiwu ka kira shi ka ji muryarsa. Tsautawa mai nauyi da labarin rasuwa, baki ya fi dacewa da su.

Ka tuna fa, da yawa cikin abokan aikinka ba su taɓa buɗe Linjila ba, amma kowace rana suna karanta saƙonka. Allah da kansa bai bar mu da rubutu kaɗai ba, ya aiko Yesu Almasihu domin mu ga alherinsa a fuskar mutum. Ka roƙe shi ya tsarkake zuciyarka, hannunka kuwa za ya rubuta abin da ke cikinta. Amin.