Turare a Gaban Wa? Tunani kan Hayaƙin Ibadar Kirista

A cikin dukan abubuwan da ɗan Adam ke miƙa wa abin bautarsa, da wuya a sami wanda ya kai hayaƙin turare rashin nauyi. Ba ya ƙosar da mai yunwa, ba a adana shi a rumbu, kafin a ƙifta ido iska ta yi gaba da shi. Duk da haka an yi zamanin da mutane suka gwammace mutuwa da su barbaɗa ƙwaya biyu ta lubban a kan garwashi. Wajen shekara ta 112, gwamnan Romawa Filini, wanda ke riƙe da lardin Bitiniya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tarajan yana bayyana yadda yake gwada waɗanda aka zarga da Kiristanci. Yakan sa a kawo gunkin sarki, ya umarci mutum ya miƙa masa turare da ruwan inabi, ya kuma zagi Almasihu. Wanda ya yi, a sake shi. Wanda ya dage, a hukunta shi. A shekara ta 250 Sarki Desiyus ya mai da gwajin doka a duk faɗin daular, har ana ba wanda ya yi hadayar takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a yashin Masar. Da tsananin ya lafa, ikkilisiya ta shiga rigima a Kartaj da Roma kan ko za a sake karɓar waɗanda suka karaya, kuma ɗaya daga cikin sunayen da aka laƙaba musu ma'anarsa ita ce "masu ƙona turare".

Abin mamaki shi ne abin da ya biyo baya. A shekara ta 313 aka ba Kiristoci ƴancin addininsu. Tsakanin 381 da 384 wata mata mai suna Egeriya, wadda ta je ziyara Urushalima daga yammacin daular, ta ba da labarin yadda ake shigo da kasaken turare cikin kogon da Kiristoci ke ɗauka kabarin Yesu ne, a daren Lahadi, har ƙamshi ya cika majami'ar. Ga garwashin nan, ga ƙaron nan, ga hannun da ke barbaɗawa. Abin da kakanni suka mutu don kada su yi, shi jikoki suka mayar ibada. Mai gaggawar hukunci zai ce cocin ya ari al'adar arna da ya sami mulki. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin riƙe wuta da turare a gaban manya ɗabi'ar fadar Romawa ce kafin ta zama ta bishop. Sai dai maganar ba ta kai ƙarshen rijiyar ba.

Kiristoci sun gaji turare daga Haikalin Yahudawa tun kafin su gamu da shi a fadar Kaisar. Littafin Fitowa, sura ta 30, ya umarci a gina bagade na musamman wanda Haruna zai riƙa ƙona turare a kansa safe da maraice. An faɗi haɗin: kayan ƙamshi huɗu, awo ɗaya ɗaya, lubban tsantsa a cikinsu. Aka kuma kafa sharaɗi mai tsanani, cewa duk wanda ya haɗa irinsa don jin daɗin hancinsa za a raba shi da jama'arsa. Wannan sharaɗin ya cancanci a tsaya a kansa. Bahaushe ya san turaren wuta a ɗakin amarya, ya san kaskon da ake zagayawa da shi don baƙo, ya san yadda ake turara masallaci ranar Juma'a domin tsabta da girmamawa. Ya kuma san turaren da ƴan bori ke ƙonawa don kiran iskoki, shi ya sa in ya ga hayaƙi a wurin bauta tambayarsa ta farko ita ce: wa ake kira? Tambayar Littafin Fitowa ke nan, ita ce kuma ta waɗanda suka tsaya gaban Filini. Abin da suka ƙi shi ne mai karɓar hayaƙin. Tartuliyan, marubucin Kartaj, ya faɗa a ƙarshen ƙarni na 2 cewa Kiristoci ba sa sayen lubban don gumaka, amma fataken Larabawa ba su yi asara ba, tunda suna sayen kayan ƙamshi masu yawa don binne matattunsu.

Ma'anar da ta fi yaɗuwa ita ce mafi sauƙi: hayaƙi yana tashi, addu'a ma tana tashi. Zabura ta 141 ta kwatanta addu'ar maraice da turare, littafin ƙarshe na Sabon Alkawari kuma ya nuna tasoshin zinariya cike da turare, ya ce addu'o'in tsarkaka ne. Luka ya buɗe Linjilarsa da Zakariya yana ƙona turare a Haikali, jama'a na addu'a a waje, lokacin da mala'ika ya yi masa bushara da Yahaya. Musulmi sun san wannan bushara daga Suratu Ali Imrana, inda Zakariya ke tsaye yana salla a cikin mihrabi. Wannan ma'ana ta tashi sama ko yaro ya gane ta.

Akwai wata da ba a cika ambata ba, alhali ta fi zurfi. A Littafin Firistoci, sura ta 16, babban firist kan shiga wuri mafi tsarki sau ɗaya a shekara, riƙe da garwashi da turare, domin gajimaren hayaƙi ya rufe murfin akwatin alkawari, kada ya mutu. A nan aikin hayaƙi shi ne shamaki. Yana sanar da cewa akwai Wani a wurin, yana kuma hana ido ya yi zaton ya gan shi. Duk addinin da ya yarda cewa Allah ya fi ƙarfin gani yana da wannan matsala: ta yaya za a nuna abin da ba ya nunuwa, ba tare da an sassaƙa masa siffa ba? Hayaƙi amsa ce mai wayo, domin ba shi da siffar da zai tsaya a kanta. Ana ganinsa, ba a kama shi. Ƙamshinsa yana shiga mutum ko ya so ko bai so ba, yana maƙale a riga bayan an watse. Gunki yakan dawwama har mai bauta ya manta alama ce. Turare kuwa yana cinye kansa a gaban ido.

Wannan cinye kai shi ne abin da masu lissafi ba sa yafewa. Lubban kaya ne mai tsada tun zamanin da ayarin raƙuma ke ɗauko shi daga kudancin Arabiya, shi ya sa Matiyu ya jera shi da zinariya da mur cikin kyautar masanan gabas, Ireniyus na birnin Liyon kuma ya fassara shi, wajen shekara ta 180, da alamar allahntaka. Don me za a ƙona dukiya alhali ga mayunwata a ƙofa? Amsar masu turare ita ce kyautar da ake sa ran ribarta ciniki ce, wadda aka ƙona kuwa ba ta dawowa. Amsa ce mai ƙarfi, amma tana da haɗari, kuma littafin da ya umarci turaren shi ya fara faɗar haɗarin. Annabi Ishaya, a surarsa ta farko, ya kira turaren mutanen da hannuwansu ke cike da jini abin ƙyama, ya tura su ga hakkin maraya da gwauruwa. Faransanci ma ya riƙe wannan tsoro a cikin kalma guda: fi'ilin da ke nufin turara bagade shi ne kuma ake amfani da shi ga bambaɗanci da fadanci. Mai kaɗa kasko yana iya zama maroƙi, yana zuga Ubangiji kamar yadda ake zuga attajiri.

Da wannan hujja masu gyaran coci na ƙarni na 16, musamman mabiya Kalbin, suka kawar da turare, suka ce addu'ar da yake wakilta ta isa. A Ingila rigimar ta sake tashi a ƙarni na 19. Bayan dokar 1874 kan tsarin ibada, aka ɗaure wani limamin coci mai suna Arthur Tooth a 1877 saboda ya ƙi barin turare da kyandirori da rigunan ibada. Wato an ɗaure mutum don ya ƙona, kamar yadda aka kashe wasu don sun ƙi ƙonawa. Rabuwar tana nan a ƙasar nan. Majami'un da suka samo tushe daga mishan ɗin SIM, wadda ta sauka Damagaram a 1924, ba su san kasko a ibadarsu ba, Katolika kuwa, a Yamai ko a yankin Maraɗi da ya sami bishop nasa a 2001, suna turare a manyan bukukuwa, ko da yake ƙa'idar ibadarsu ta 1970 ba ta wajabta shi a kowace Mes ba.

Masu gyara sun yi daidai da suka ce alama na iya zama ɓawo. Inda hujjarsu ta yi rauni shi ne zaton cewa niyya na iya rayuwa ba jiki. Da haka ne, da Kiristocin Bitiniya sun barbaɗa lubban da hannu suna musantawa a zuci, su koma gida lafiya. Sun ƙi, domin sun san abin da hannu ya yi a gaban jama'a magana ce, kuma mutum ba ya ƙarya da hannunsa ya ce bakinsa bai yi ba. Wanda ya ɗauki shahadarsu da muhimmanci ya riga ya yarda cewa hayaƙi na ɗaukar ma'ana.

Mafi ban tunani shi ne inda kaskon ke juyawa. A Mes, bayan an turara bagade da gicciye da littafin Linjila da gurasa da ruwan inabi, sai a turara fada, sannan mai hidima ya fuskanci jama'a, ya rusuna, ya kaɗa musu hayaƙin. Girmamawar da Romawa suka keɓe wa gunkin sarki ita ake yi wa mai gadi da mai sayar da itace da ke zaune a bencin baya, bisa imanin cewa jikin mai bi haikali ne. A jana'iza ma ana zagaya gawa da kasko, ko ta wane ce.

Ƙaron kansa daga rauni yake fitowa. Ana tsaga bawon bishiyar, dangin hanon da ke kan duwatsun ƙasar Hausa, sai farin ruwa kamar nono ya tsattsafo (daga farin nan sunan lubban ya samo asali), a bar shi ya daskare, a kankare. Irin da cocin Habasha da majami'u da dama na Turai ke ƙonawa yana fitowa daga arewacin Habasha da Eritriya da Sudan. Wani bincike da Frans Bongers na jami'ar Wageningen ta Holan ya jagoranta, wanda aka buga a 2019, ya gano cewa a mafi yawan dazukan da aka duba babu ƙananan bishiyoyi, saboda yawan tsagawa da kiwo da gobara, ya kuma yi hasashen abin da ake samu zai ragu da rabi cikin shekara 20.