Karen da Muka Baro a Gindin Bagzam

Hutun damanar da ta wuce, Kawu ya ce in raka shi Abzin. Shi ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi, yana sayen albasa da tafarnuwa da dankali wurin masu garka na Tabalot da na bisa dutsen Bagzam, kuma yakan je tun kaya ba su nuna ba don ya ƙulla ciniki. Ni ko Dakwaro ban taɓa wucewa ba, don haka na yi murna. Bagzam ne ke ɗauke da ƙololuwa mafi tsawo a Nijar, mita 2022. Mu da ƙafa muka hau, da jakai biyu da wani saurayi Buzu da ya yi mana jagora.

Daga bakin wata garka a Tabalot kare ya biyo mu. Ja ne, siriri, mai dogayen ƙafafu, haƙarƙarinsa duk a waje. Mai garkar ya ce ba nashi ba ne, maigidan karen ya tafi haƙar zinariya bai dawo ba. Kawu ya ɗauki dutse ya jefe shi. Ya ja da baya kaɗan, ya ci gaba da binmu daga nesa.

Ranar farko da azahar muka tsaya ƙarƙashin wata ƙaya. Ko da damana ce, rana na dukan duwatsun nan har ba ka iya aza hannu. Karen ya kwanta can gefe, harshe a waje. Na zuba mishi ruwa cikin wani ɗan ramin dutse. Kawu ya ce, “Kai yaro, ruwan da muka ɗauko bisa jaki za ka ba kare?” Na yi shiru. Amma da dare, da diloli suka fara kuka kusa da kayanmu, karen nan ne ya tashi ya kore su, ya kwana yana zagaya mu. Dare na uku sai na ji Kawu da bakinsa yana cewa, “Ku kwanta, ai akwai mai gadi.” Tun daga nan shi ke jefa mishi guntun gurasar da jagoranmu ke gasawa cikin toka.

Kwana tara muka yi. Da muka sauko, muka samu kamyo mai komawa Agadas. Direba ya ce kare ba ya hawa motarsa. Kawu bai yi gardama ba, ni ma ban ce uffan ba. Ina zaune bisa buhuna ina kallonsa yana bin motar da gudu, har ƙura ta rufe shi. Ko suna ba mu sa mishi ba.

Tambayar da ta hana ni sakat ita ce: mun ci amanarsa, ko ba mu ci ba?

Na kai maganar wurin abokaina a fada, muna shan shayi. Dariya suka fara yi. Ɗaya ya ce, “Kai ka kira shi? Shi ya biyo ku. Inda babu alkawari babu cin amana.” Wani ya ce tausayin kare aikin ƙoshi ne, na Turawa masu ɗinka wa karnukansu riga, alhali a ƙauyukanmu mata na tafiyar awa biyu neman ruwa. Na uku ya rufe da karin magana: sabo da kaza ba ya hana a yanka ta.

Maganarsu da nauyi, ban raina ta ba. Gaskiya ne ba mu kira shi ba. Da mun ci gaba da jifarsa har ya koma, da babu abin da yake binmu. Amma ba haka muka yi ba. Mun yi barci saboda shi yana farke. Ranar da Kawu ya ce “akwai mai gadi”, ranar aka ƙulla alkawarin, ko da ba a furta ba. A ganina amana ba sai an ɗauke ta da baki ba. Duk wanda ka karɓi hidimarsa kana sane, ka sake jiki saboda shi, to ka ɗauki nauyinsa. Ita kanta kazar, mai ita ya ba ta tsaba da akurki duk tsawon ranta, bai kai ta daji ya yar ba.

Zancen cewa abin na Turawa ne ma bai tsaya ba. A makarantar allo muka ji labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare, aka gafarta mishi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake an yi umurni a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Kuma matan da na gani suna kiwon awaki bisa Bagzam ba su fi mu wadata ba, amma karnukansu na samun rabonsu. Talauci bai hana su ba. Mu dai mun saba kiran wanda muka raina “kare”, har muka manta shi kansa karen rai ne.

Ban ce da mun kawo shi Maraɗi ba. Wataƙila yaran unguwa da jifa sun kashe shi cikin sati. Abin da ke cina shi ne, akwai abin da zan iya yi ban yi ba. Masu garka na bukatar kare. Da na sauka na roƙi direba minti goma, na nemi wanda zai riƙe shi, na ba da ko dala ɗari, da an rabu da mutunci. Kunyar a yi mini dariya ta hana ni.

Kuma tun da na dawo nake ganin abin a wasu wurare. Almajirin da ke wanke mana kwanoni a ɗakin haya duk shekara, ranar da aka ba da hutu wa ya yi mishi sallama? Yarinyar da ke aiki a gidajenmu, in ta kwanta ciwo, ba cewa ake ta koma ƙauyensu ba? Su ma hujjar ɗaya ce: ai ba mu yi musu alkawari ba, su suka zo.

Kawu zai koma Tabalot in albasa ta nuna. Na ce mishi ya tambayi mai garkar nan ko karen ya dawo. Ya dube ni ya daɗe, sa'annan ya ce, “To, ɗana. Ni ma na yi niyyar tambaya.”