Maigida, Yaushe Za Ka Ba Yaronka Almakashi?

Karatu: Fitowa 35:30-35, Yahaya 15:15



Wanda ya bi titin Nima zuwa Maamobi a birnin Accra da sassafe zai ga yara maza da mata suna sharar ƙofar shaguna: na teloli, na makanikai, na masu walda, na masu kitso. Wasu kuma sun nufi makarantar koyon sana'a ta Kokomlemle, wadda aka buɗe a 1966 da taimakon ƙasar Kanada. Iyayensu sun damƙa su ga malamai domin su sami abin riƙe kansu. Amma ba dukansu ke kai ranar yaye ba.

Kwanan baya wani ɗan'uwa, tela ne, ya same ni bayan sujada yana kuka da yaran zamani. Ya ce, "Fasto, ba su da himma. Sai waya, sai hamma. Biyu sun gudu mini bana." Na tambaye shi shekara nawa babbansu ya yi a hannunsa. Ya ce biyu. Na ce, "Ya taɓa yanka yadi?" Sai ya yi shiru. Ashe aikin yaron guga ne, da sa maɓalli, da sayo koko da ƙosai. In lokacin yanka ya yi, maigida yakan aike shi kasuwa.

Ga tambayarmu ta yau: gwanintar da ke hannunka taka ce da za ka ɓoye, ko kuwa amana ce?

Kada mu yi saurin hukunta wannan ɗan'uwa, gama yana da hujja. Atamfa tana da tsada, in yaro ya ɓata ta, maigida ne zai biya. Shara da aike suna koya wa yaro ladabi, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai kuma tsoron da ba a cika faɗa ba: yaron da ka koya wa kome yau, gobe zai buɗe shago a layinku, masu kawo maka ɗinkin Salla da na Kirsimeti su koma wurinsa.

Amma dubi Bezalel. Sa'ad da za a yi alfarwa ta sujada, Allah ya cika shi da Ruhunsa, ya ba shi gwanintar aikin zinariya, da azurfa, da tagulla, da sassaƙa. Bai tsaya nan ba. Ya sa masa a zuciya, shi da Oholiyab, su koya wa waɗansu. Baiwar yi da baiwar koyarwa tare suka zo daga hannu ɗaya. Wanda ya karɓi ta fari ya binne ta biyu ya riƙe abin da ba nasa ba.

Ubangijinmu Yesu ma masassaƙi ne, ya san zaman shago. Bai jira almajiransa su ƙware kafin ya sa su aiki ba. Ya aike su biyu biyu, suka dawo, ya saurari labarinsu. Da suka kasa fitar da aljani, ya bayyana musu dalili. A daren ƙarshe ya kira su abokai, domin bai ɓoye musu abin da ya ji daga wurin Uba ba.

Sau da yawa abin da muke kira lalaci, fid da zuciya ne. Yaron da bai ga inda hanya ta nufa ba, ƙafarsa takan yi nauyi. Saboda haka, maigida, uwar ɗaki, malamin aji, gaya masa abin da zai iya bayan wata shida. Ba shi takardar siminti ya fara yanka, sa'an nan ragowar yadi, sa'an nan rigar ƙaramin yaro. In ya yi kuskure, gyara masa a keɓe, ba gaban masu ciniki ba. In ya yi daidai, faɗa da bakinka. Tambaye shi ko ya karya kumallo, gama mai yunwa ba ya jin darasi.

Tuna kuma, yawancin yaran Zango da ke hannunmu 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ne. Watakila ba za su taɓa jin wa'azina ba, amma shekara uku suna kallon halinka. Arzikinka kuwa ba a cikin almakashi yake ba, a hannun Allah yake. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Abin tunani: Wane abu ne na iya wanda har yau ban nuna wa yarona ba? Me ya hana ni?

Addu'a: Ya Uba, kai ne ka koya wa hannuwanmu aiki. Ka gafarta mana rowar sani. Ka cire mana tsoron gobe, ka ba mu haƙuri da waɗanda ka sa a ƙarƙashinmu, har su fi mu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.